Dabar Ozone Park da masu cewa "mu ma mu tara namu yaran"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu, ko da yake abin da na kawo ya ɗara tsawon da kuka saba bugawa. Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 a nan Ikko. Kafin ci-rani ya kawo ni kurmi na riƙe alli a firamare a gida, shi ya sa har yau karance-karancen tarihi bai sake ni ba.

Abu biyu suka sa na ɗauki biro. Samarinmu sun ɗauki wani Ba'amurke ɗan asalin Italiya, John Gotti, wanda ya shugabanci wata ƙungiyar miyagu a birnin Niyok, sun mayar da shi gwarzo. Gajerun bidiyonsa na yawo a wayoyinsu, ga shi yana fitowa daga kotu cikin kwat mai tsada yana murmushi, su kuma suna cewa wannan shi ne namijin duniya, ya riƙe unguwarsa, ba mai taɓa nasa ya kwana lafiya. Na biyun ya fi damuna, don daga bakin manya yake fitowa. Duk ranar da karɓe-karɓen kuɗi ya ishe mu, a hanya ko a bakin kasuwa, sai ka ji wani mai furfura ya ce, "Ai mu ma mu tara namu yaran masu zafin kai, a riƙa shakkarmu." Ina so in ba da tarihin dabar da Gotti ya fito daga cikinta, don masu wannan shawara su ga kayan kafin su taya.

Daga 1880 zuwa farkon shekarun 1920, Italiyawa kimanin miliyan 4 suka tsallaka teku zuwa Amurka, yawancinsu talakawan ƙauye daga kudancin ƙasar da tsibirin Sisili. 'Yan ci-rani ne kamar mu: haƙar rami, dako a tashar jiragen ruwa, aski, ɗinki, tura baron 'ya'yan itace. Ba su jin Turanci, 'yan gari na raina su, ɗan sanda kuma ba ya kallonsu da mutunci. A watan Maris na 1891, a birnin New Orleans, gungun mutane suka fasa gidan yari suka kashe Italiyawa 11 bisa zargin kisan shugaban 'yan sandan garin, alhali kotu ba ta sami ko ɗaya daga cikinsu da laifi ba. Wanda ya ga rikicin Idi-Araba a 2002, ko ya ga na Mile 12 a Maris na 2016, ba sai an yi masa bayanin tsoron da ke zuciyar baƙo ba.

A cikin wannan tsoro miyagu suka sami gindin zama, kuma naman da suka fara ci na 'yan uwansu ne. Mai shago ɗan Italiya zai wayi gari ya tarar da wasiƙa mai zanen baƙin hannu: kawo kaza, ko a tayar da shagonka da nakiya, ko a ɗauke maka ɗa. Sun san ba zai je wurin hukuma ba. Ɗan sandan Niyok da ya fi matsa musu, Joseph Petrosino, shi ma ɗan Italiya ne, kuma a Palermo aka harbe shi a 1909 ya je bin diddigin wasu daga cikinsu.

A 1931, bayan wani yaƙin cikin gida, Mafiyar Niyok, wato ƙungiyar asiri ta waɗannan miyagu, ta zauna a kan gida biyar, waɗanda daga baya aka san su da Gambino, Genovese, Lucchese, Bonanno da Colombo. Kowane gida da uban gidansa, da mataimaki, da mai ba da shawara. A ƙarƙashinsu akwai shugabannin daba, kowanne da 'yan tsirarun da suka yi rantsuwa, sai tarin 'yan kanzagi da ke rakuɓe. Ba wanda ake biya albashi. Kai za ka fita ka nemo, ka cire kason shugaban daba, shi kuma ya miƙa sama. In an kama, kai ne a ɗaure. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dabar da nake magana a kai ta gidan Gambino ce. Wani Carmine Fatico ne ke riƙe da ita a unguwar East New York ta Brooklyn, daga baya ya mayar da zamanta Ozone Park a yankin Queens, unguwar ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, yawancinsu Italiyawa a wancan lokaci. Matattararsu wani ɗan shago ne a titin 101st Avenue, da suna Bergin Hunt and Fish Club, wai kulob ɗin mafarauta da masunta. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: filin jirgin sama na Kennedy yana nan kusa, kuma kayan duniya ta nan suke shiga Amurka.

A nan zan ɗan tsaya, don yadda suke cin abinci shi ne darasin. Sana'arsu uku ce, kuma a sarƙe suke. Akwai caca, ta karta da ta ɗan lido da ta wasanni. Akwai bashi da ruwa. Akwai tare manyan motocin kaya. Ma'aikacin sito a filin jirgi zai shigo caca ranar albashi a cinye shi. Sai a ce kada ya damu, ga rance. Ruwan a mako ake lissafa shi. In an ce 3 cikin 100 a mako, a shekara ya zama 156 cikin 100, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Ranar da ya kasa biya, ba lallai a karya masa ƙafa ba, don gurgu ba ya kawo kuɗi. Sai a ce ya faɗi wace mota ce za ta fita da kaya masu tsada, da ƙarfe nawa, ta wace ƙofa. Sau da yawa direban ma da bakinsa: zai tsaya shan shayi ya bar makulli a jiki, ya dawo ya ɗora hannu a ka. Kayan kuwa, tufafi ne, sigari ne, rediyo ne, a unguwa ake sayar da su a rabin kuɗi. Matar da ta sayi rigar sata da arha ba za ta ce ta ga komai ba in ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da haka aka sayi bakin unguwa, ba tare da an nuna wa kowa bindiga ba.

An haifi Gotti a 1940, ɗaya daga cikin 'ya'ya 13 na wani lebura. Tun yana shekara 12 yake yi wa mutanen Fatico aike. Yana 14 ya je satar injin kwaɓa siminti, injin ya faɗo masa a ƙafa ya murƙushe yatsu, abin da ya bar masa wata irin tafiya har ya mutu. Samarinmu da ke yaba takunsa su san asalinta. Ya bar makaranta yana 16. A 1968 aka kama shi da satar kaya a filin jirgi, ya yi wajen shekara uku a kurkukun Lewisburg. Da ya fito a 1972, Fatico na fama da tasa shari'ar, sai ya damƙa masa riƙon dabar. A 1973 yana cikin mutum ukun da suka je wata mashaya a Staten Island aka harbe wani mutum da ake zargi da sace ɗan ɗan'uwan Carlo Gambino, uban gidan a lokacin. Lauya ya sasanta aka sassauta tuhumar, ya fito a 1977, aka rantsar da shi, ya zama cikakken shugaban daba. A takarda kuwa, wakilin talla ne a wani kamfanin aikin famfo.

Yanzu ga maganar "ya riƙe unguwarsa". Gaskiya ne duk ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, a wancan zamani dabar kan tare titi ta yi walima: gasasshen nama kyauta, abin sha kyauta, wasan yara, da dare kuma wasan wuta wanda dokar birnin ta hana, 'yan sanda na tsaye suna kallo ko suna ƙoƙarin hanawa jama'a na yi musu ihu. Gaskiya ne kuma mazauna da yawa sun riƙa gaya wa 'yan jarida cewa ƙananan ɓarayi ba sa shigowa layinsu. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ga kuma irin askin.

Ranar 18 ga Maris 1980, ɗan Gotti mai shekara 12 yana kan ƙaramin babur a Howard Beach, unguwar da gidansu yake, dab da Ozone Park, motar wani maƙwabcinsu ta buge shi ya rasu. 'Yan sanda suka bincika suka ce tsautsayi ne. Mutumin ma'aikaci ne a kamfanin kujeru da gadaje, mai mata da 'ya'ya, bayan gidansa na kallon na Gotti. Barazana ta yi yawa, ya sa gidan a kasuwa zai tashi. Ranar 28 ga Yuli aka yi masa duka kusa da wurin aikinsa aka jefa shi a mota. Gotti da iyalinsa suna Florida a ranar. Har yau ba a ga gawar ba, ba a kuma ɗaure kowa a kan kisan ba. A 1983 kotu ta ayyana shi a matsayin mamaci. Mu a addininmu kisan kuskure diyya ce da kaffara. A ƙarƙashin mai riƙon unguwa, hukuncin ya danganta ne da ɗan wa ka buge.

A 1984 wani mai gyaran firji ya yi cacar baki da mutanen Gotti a kan mota da ta tare hanya, aka mare shi aka zare masa dala 325 daga aljihu. Ya kai ƙara bai san da wa yake yi ba. Kafin a zo shari'a a 1986 ya sani. Ya tsaya a gaban alƙali ya duba ɗakin kotu ya ce bai ga waɗanda suka mare shi ba. Aka kori ƙara. Wannan ita ce ɗaya daga cikin "nasarorin" da ake nunawa a bidiyo.

Kuma mu baƙaƙen fata mu yi hattara da yabon zaman lafiyar waɗannan unguwanni. A Disamba na 1986, a Howard Beach ɗin nan, samari farare suka bi wasu baƙaƙe da motarsu ta lalace, suka kora ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 23, har kan babban titi mota ta kashe shi. Ban ce dabar ce ta yi ba. Na dai ce ɗan Agege da ke liƙa hoton Gotti a wayarsa, da a ce dare ya yi masa a can a wancan zamani, da bai ji daɗin tsaron ba.

Abin da ya kai Gotti sama kuwa tsoro ne, ba jarumta ba. Gidan Gambino yana da dokar cewa wanda ya sayar da ƙwaya kisa ne hukuncinsa, saboda ɗaurin ƙwaya yana da tsawo, mai dogon ɗauri kuma bakinsa kan buɗe. Amma dabar Bergin ta tsunduma cikin cinikin hiroyin. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta dasa na'urar naɗar magana a gidan Angelo Ruggiero, abokin Gotti tun ƙuruciya, mutumin da surutunsa ya sa aka yi masa laƙabi da kukan agwagwa. A 1983 aka kama shi tare da Gene, ƙanen Gotti. Uban gidan na lokacin, Paul Castellano, wanda ya gaji Carlo Gambino a 1976, ya ce a kawo masa abin da aka naɗa ya ji. Mataimakinsa Aniello Dellacroce, wanda shi ne ubangidan Gotti, ya yi ta jan ƙafa yana kare su har ciwon daji ya kashe shi ranar 2 ga Disamba 1985. Inuwa ta gushe. Mako biyu bayan nan, ranar 16 ga Disamba, aka harbe Castellano da direbansa Thomas Bilotti a ƙofar gidan cin abinci na Sparks a tsakiyar Manhattan, da magariba, titi cike da masu sayayyar Kirsimeti. Gotti na zaune a mota a tsallaken titi tare da Salvatore Gravano, wani ɗan gidan da daga baya ya zama mataimakinsa. Bayan wannan kisa Gotti ya zama uban gidan.

Sauran gidajen ba su ji daɗi ba, don ba a nemi izininsu ba. A Afrilu na 1986 aka dasa bam a mota a Brooklyn da nufin Gotti, ya tashi da sabon mataimakinsa Frank DeCicco. Masu cewa a tara yara su lura da wannan: daba ta kai wa daba hari, an yi gawa, Gotti kuma ya ci gaba da mulkinsa shekara huɗu da rabi.

A Maris na 1987 ya sake kuɓuta a wata babbar shari'a ta gwamnatin tarayya, jaridu suka yi ta kururuta cewa tuhuma ba ta kama jikinsa. Daga baya ta bayyana cewa an sayi ɗaya daga cikin mutum 12 da ke yanke hukunci da dala 60,000, aka kuma ɗaure shi a kan haka. Abin da ya fi burge ni a wannan shari'a ita ce lauyar gwamnati, Diane Giacalone. 'Yar asalin Italiya ce, a Ozone Park ta tashi, tana yarinya takan wuce ta gaban shagon nan ta ga ƙarti zaune da rana tsaka ba aikin fari ba na baƙi. Unguwar da ta haifi dabar ita ta haifi mai gurfanar da ita. Italiyawan Amurka miliyoyi ne, masu rantsuwar Mafiya kuwa 'yan dubbai ne ko a lokacin da suke ganiyarsu, amma tabon ya bi kowa, kamar yadda laifin ɗan acaɓa ɗaya kan zama laifin "Aboki" duka a bakin mutanen garin nan.

Amanar da ake yabon su da ita ma a duba ta. Wilfred Johnson, abokin Gotti tun suna yara, wanda ba a taɓa rantsar da shi ba saboda mahaifinsa ba Ba'italiye ba ne, tun shekarun 1960 yake kai wa FBI rahoto. Asirinsa ya tonu a kotu a 1985, ya ƙi ba da shaida duk da haka, a 1988 aka harbe shi a ƙofar gidansa. Ruggiero ya mutu da ciwon daji a 1989, Gotti bai je duba shi ba. A shekarar aka yanke wa Gene shekara 50. Sai 2018 ya fito, tsoho. Wani ɗan gidan, Louis DiBono, an kashe shi a 1990, kuma an naɗi muryar Gotti da kansa yana cewa laifinsa shi ne an kira shi bai zo ba.

Me ya karya su a ƙarshe? Takarda da shaida. Tun 1970 Amurka ta yi dokar da ake kira RICO, wadda ta ba da damar a tuhumi ƙungiya gaba ɗaya, a kama mai ba da umarni ko da hannunsa bai taɓa bindiga ba. Aka haɗa ta da izinin kotu na naɗar magana, da shirin ɓoye mai ba da shaida a sauya masa suna da gari. Gotti kuma ya taimaka musu da son a sani: ya koma zama a kulob ɗin Ravenite a titin Mulberry, ya wajabta wa shugabannin daba su riƙa zuwa gaisuwa kowane mako, jami'ai na can gefe suna ɗaukar hoton kowa. Ɗakin wata tsohuwa da ke saman kulob ɗin, inda yake hawa don ganawar sirri, nan ma an dasa na'ura. Ranar 11 ga Disamba 1990 aka kama shi. Gravano ya ji a kaset yadda uban gidansa ke zaginsa a bayan ido yana ɗora masa kashe-kashe, sai ya juya ya zama shaidar gwamnati. Ya amsa hannu a kisan mutum 19, aka ba shi shekara 5. Wannan ciniki ni ma bai kwanta min ba, amma da shi aka samu. A wannan karon an ɓoye sunayen masu yanke hukunci an killace su. Ranar 2 ga Afrilu 1992 aka same shi da laifi, a Yuni aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba afuwa. Ɗaruruwan magoya baya suka yi bore a ƙofar kotun Brooklyn har da kifar da motoci. Ya mutu a asibitin fursunoni a jihar Missouri ranar 10 ga Yuni 2002 da sankarar maƙogwaro, yana da shekara 61. Cocin Katolika na Brooklyn ya ƙi yarda a yi masa addu'ar jana'iza a bainar jama'a. Yayansa Peter, wanda ya riƙe gidan daga baya, shi ma a kurkuku ya mutu a 2021. Ozone Park kuwa yau cike take da sababbin baƙi, 'yan Bangaladesh da 'yan Guyana da 'yan Latin Amurka, har da masallatai.

Ban ce Legas Niyok ce ba, ban kuma ce mu zauna a yi ta tatsar mu ba. Kukan gaskiya ne. Shi ya sa dillalan abinci da na shanu suka tsayar da lodi zuwa kudu a ƙarshen Fabrairu na 2021, kuma karɓar kuɗi a hanya na cikin abin da suka lissafa. 'Yan sintirin da kasuwa ta ɗauka da sanin sarkin Hausawa da na 'yan sanda, da sunayensu a littafi da albashi sananne, wannan daban. Abin da nake tsoro shi ne yaran da ba albashi, ba littafi, sai "a riƙa shakkarmu". Za su ci abinci, kuma ba za su je Lekki su karɓa ba. Wurin mai shayi za su karɓa, da ɗan dako, da mai tura ruwa, da yaron da ya sauka daga motar shanu jiya bai san kowa ba. Mu dillalai za mu biya mu ɗora a kan buhu. Ranar da rikici ya tashi saboda su, rumfunanmu za a ƙona.

Roƙona gare ku shi ne aikin da jarida ce kawai za ta iya. Ku turo wakili ya hau motar albasa daga Aliero, ya biyo ta Yawuri, Kontagora, Mokwa, ya tsallake gadar Jebba, ya wuce Ilori da Ogbomosho da Badun har Mile 12. Ya riƙe littafi ya rubuta duk inda aka tsayar da mota, wa ya tsayar, nawa aka karɓa, da rasit ko babu, da sunan wa aka karɓa. In ya iso kada ya rufe littafin a bakin ƙofa. Ya shigo ciki ya rubuta har da wanda namu ke karɓa a hannun namu kafin buhu ya taɓa ƙasa. Ku buga shi yadda yake, da Hausa, ku sa a fassara wa 'yan majalisa. In kun shirya, ni zan sama masa wuri a gaban mota kusa da direba, kuma kuɗin abincinsa na hanya a wuyana.

Wassalam.

Mai karatunku,
wani dillalin albasa,
Mile 12, Legas.